Makullin Yana Tawa

Mun bar Tawa ana sallame sallar asuba, mu uku cikin farar motar sarbis ta kamfani: ni, da direba, da wani matashin injiniya wanda ba ya motsawa ko nan da can sai da kwalbar shayinsa. Ga waɗanda ba su san aikina ba, ina sashen horar da ma'aikata ne a wani kamfanin waya. An aike ni in zaga wuraren da muke da anten a arewacin Adar, wato dogayen ƙarafan nan masu ba da rezo don waya ta shiga, in ji irin horon da masu kula da su ke bukata, in dawo da sunayen waɗanda za a kai formasiyo, wato horon. Na tafi da takardar tambayoyi mai shafi huɗu. Ni na tsara ta, kuma har ga Allah ina ji da ita.

Kafin gari ya gama wayewa mun rabu da gudro, wato kwalta. Daga nan sai jar hanya da duwatsu, mota na ta girgiza mu har shayin injiniya ya ƙare a rigarsa. Kaka ce, an fara yankan hatsi, amalanken jakuna na ta wuce mu da dammuna. A Adar ba sai an gaya maka inda maza suke ba. Ka dubi gonakin kawai, mata ne da tsofaffi. Sauran suna Abijan, suna Libiya, wayar da muke sayarwa ita ce igiyar da ta ɗaure su da gida.

A Kalfu muka karya da fura mai sanyi da nonon da ya amsa sunansa. Na sayi cuku na dala ɗari, mai sayarwa ta rantse rangwame ta yi mini, direba kuma ya rantse an cuce ni. Shugaban wurinmu na nan saurayi ne mai tsabta, takalminsa na ƙyalli. Da na ba shi takardar, duk inda aka tambaya ko yana bukatar horo sai ya sa e. A ƙasa ya ƙara da hannunsa cewa in da hali a yi horon a Yamai, a otal mai sanyi. Na yi dariya, amma ban ga laifinsa ba, don ni ma da irin wannan na fara.

Mun kwana Barmu. Washegari da hantsi muka nufi wani gari da ke arewa da nan, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Tun daga nesa ake hango anten ɗin a kan tudu, an kewaye shi da waya, ga faifan sola jere, ga ɗan ɗakin ƙarfe da inji ke ciki, da ƙaton kwaɗo a ƙofarsa. Na lura tun da muka kama hanyar injiniya ya daina surutu. Na ɗauka hanya ce ta gajiyar da shi.

Wurin ba shi da shugaba, mai gadi kawai gare shi. Baba Idi ake ce masa, dattijo ne siriri mai furfura a gemu, shekararsa goma sha ɗaya a gindin ƙarfen nan. Na zaga wurare da yawa, ban ga inda aka share kamar nasa ba. Faifan solar nan kullum sai ya goge su da tsohon rawani. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwar aduwa, ya dafa shayi, na buɗe takardata na fara aiki.

Tambaya ta uku ita ce matakin karatu. Ya ce ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami, bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Takardata ba ta da gurbin wannan, sai na ja layi. Na tsallake shafi biyu cur, don duk ba su shafe shi ba. Da na zo ta ƙarshe na karanta masa ita da Hausa, cikin gaggawar mai son tashi: wane horo yake ganin zai fi amfanar aikinsa?

Ya nuna ɗakin ƙarfen da haɓa.

"Abu guda ni ka so, Malam. Cikin ɗakin ga akwai wani ɗan baƙin maɓalli. In anka yi tsawa sai shi hwaɗi, rezo shi ɗauke. Na ga yaranku sun tada shi da yatsa guda ya hi sau goma. A koya min tada shi bisa ƙa'ida, a bar min makulli."

Na ce masa doka ba ta yarda mai gadi ya taɓa inji ba, in an samu matsala akwai lambar da ake kira. Ya dube ni, ba da fushi ba.

"Da wane rezo za ni kira, ɗana?"

Shekara tara ina koyar da wannan doka a aji, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Kunya ta rufe ni.

Sai ya ba mu labarin abin da ya faru da damina. An yi hadari mai tsawa, maɓallin ya faɗi. Shi an hana shi barin bakin aiki, don haka washegari ya roƙi maƙwabcinsa ya hau babur zuwa Barmu ya kira lambar. Aka ce an rubuta, ana zuwa. Kwana tara ba a zo ba. Kwana tara yana zaune a nan, tsakaninsa da maɓallin bai fi taku biyar ba, kwaɗo na kallonsa yana kallon kwaɗo.

Ƴaƴansa maza biyu suna Libiya suna aikin gini. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sukan kira, uwarsu ta hawo tudun ta zauna a kan wannan tabarmar a gaisa. Ranar da rezo ya dawo, wayarsa ta yi ta ƙara ba tsayawa. Saƙon murya bakwai, duk daga wayar babban, Hamidu.

Ya ciro wayar daga aljihu, an ɗaure bayanta da roba. Ban roƙe shi ba, shi ya kunna. A na farko Hamidu na cewa zazzaɓi ne kawai, kada a gaya wa inna. A na uku muryar ta dushe. A na shida da kyar ake jin sa, yana numfashi tsakanin kalma da kalma: "Baba, na kira ban samu ba. Ku yahe min, kai da inna. Ka ce ka yahe, in ji da kunnena." Na bakwai muryar ƙanensa ce, yana cewa an yi jana'iza bayan la'asar.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyin wannan roƙo. Ba mai son ya bar duniya bai ji iyayensa sun furta kalmar nan ba, ko da bai taɓa saɓa musu ba.

"Na yahe mai tun ran da anka haihe shi," in ji Baba Idi. "Amma bai jiya ba. Da na san shina ciwo, da ƙasa za ni taka har Barmu, ku kore ni in kun so."

Ya mayar da wayar aljihu, ya zuba mana shayi na biyu. Ban iya sha ba. Na yi kuka a gaban mutumin da na zo yi wa tambayoyi, shi ne ma yake ba ni haƙuri, yana cewa kwana ne ya ƙare, ko da rezo ko babu. Na san haka ne. Amma kalma guda aka roƙa, kuma mu muka tare ta. Na ɗauki biro na rubuta sunansa a saman jerin waɗanda za a horar, na ce masa zan yi iya ƙoƙarina. Ya raka mu har mota da ƙullin wake ɗanye na gonarsa.

Muka kama hanyar komawa. Sai da muka tsallake wani kwari injiniya ya ce a tsaya. Ya fita ya tsuguna a gefen hanya, na bi shi. Ya ce makullin nan a durowarsa yake, a Tawa. Saƙon ɗaukewar rezon ya iso masa tun rana ta biyu. Amma mota ba ta fita sai da takardar misiyo, wato izinin tafiya, takardar kuma sai shef, shugabanmu na Tawa, ya sa hannu, shef kuwa yana Yamai, bai bar wa kowa izinin sa hannu ba. Ya ce ya kira shi sau uku, wayar a kashe, don an hana kunna waya a aji. Shi kuma sabon ɗauka ne, yana tsoron ya fita da mota a ce ya yi gaban kansa.

Na tambaye shi wane mako ne. Da ya faɗa, sai na gane makon. Shef yana wajen horon sanin makamar shugabanci ne, na kwana goma. Ni na shirya shi. Ni na rubuta a ƙofar ajin cewa a kashe waya. Har hoto muka ɗauka ranar rufewa, kowa riƙe da takardar shaida, yana nan rataye a burona, wato ofishina.

Mun shigo Tawa ana kiran magariba, ƴan kabu-kabu na ta kutsawa tsakanin motoci, kowa da waya a kunne. Na kai wa iyali waken, ban iya ba su labarin ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗin faɗi. Na fita neman waɗanda ba su iya ba, ashe na baro su a buro, kuma ina cikinsu. Mun koya wa shugabanninmu zana jadawali da jawabi a gaban taro, ba mu koya musu su bar wa na ƙasa izini in za su yi tafiya ba. Mun amince wa mutum ya tsare mana inji shekara goma sha ɗaya, ba mu amince masa da makullin ɗakin ba. Duk na rubuta wannan a rahotona, ban sassauta ba, har da nawa laifin.

Jiya aka zauna kan jerin sunayen. An yaba rahoton, an ce za a duba maganar izinin sa hannu a taro na gaba. Saurayin Kalfu ya samu shiga. Da aka zo kan Baba Idi, shef ya ce ya tausaya ƙwarai, amma horon na masu diplom ne, masu takardar boko, kuma ba a ba mai gadi makulli. Na yi magana iya ƙarfina. Aka ja layi a kan sunan, irin layin da ni ma na ja a tambaya ta uku.

Yau da hantsi na ce gara Baba Idi ya ji daga bakina. Na kira shi, ba ta shiga ba. Na sake kira har sau huɗu, matar nan ta cikin waya tana ce mini ba a samun sa. Na leƙa wajen injiniya, ya ce an yi hadarin bankwana da damina a arewa jiya, da tsawa. Ya jawo durowarsa, muka tsaya muna kallon makullin.

Yau Juma'a ce, kuma Baba Idi yana da sauran ɗa guda a Libiya.