Silimar da Ruwa Ya Katse

A gidanmu na Zangon Sokode, da an idar da magariba sai mu kewaye murhun Kaka Ladi, mahaifiyar babanmu. Tana gasa doya tana ba mu tatsuniya, wanda ya yi gyangyaɗi kuwa rabonsa ya shiga cikin wani.

Akwai labari ɗaya da ba ta gada wurin kowa ba. Tana amarya a Dapaong, kakanmu ya kai ta kallon silima a wani fili, an kafa farin ƙyalle a jikin bango. Da Faransanci aka yi ta, Kaka kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba, don haka duk maganar da ke bakin Turawan ita ta sa musu, da Hausar Zango.

Ba na manta ranar da ta ba da shi a shekarun da ƙasa ta rikice, ana yajin aiki, sojoji na yawo cikin kasuwa. Yayana Mumuni, malamin makaranta a Dapaong, ya zo gida fuska ba walwala. An umarce shi ya tsaya gaban taro ya ambaci abokan aikinsa masu yaji, ko ya rasa aikin. Baba ya ce ya faɗa kawai, gida na ci daga hannunsa. Kaka kuwa sai ta kira shi da sunan tsokanar da take masa.

"Maigidana, zo ka zauna. Lakwal ɗinka, makarantar nan taka, bai hana ka cin doya ba."

Ta ce ga ta nan tafe, muka ce ta iso. Wani saurayi ne siriri, rigarsa ta yi masa yawa. Masu tumbin gari suka sa shi a majalisa don sun ga ba shi da baki, suka ba shi gida da mota. Ashe gonakin talakawa suke so su cinye, kuma maganar ba ta zama sai kowa ya ɗaga hannu. Ranar taro hannuwa suka tashi, saura nasa.

Nan Kaka ta miƙe, inuwarta ta cika bango. Ta turo ciki kamar ɗaya daga masu tumbin, ta daka tsawa: "Kai yaro, wa ya saya maka takalmin ƙafarka?" Sannan ta koma saurayin, ta danne hannunta na dama a cinya. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Doya na ƙonewa, ba wanda ya motsa.

Da can, a nan take cewa jama'a sun ɗauke shi a kafaɗa. Ranar nan sai ta koma ta zauna, ta bar labarin a nan.

"Kaka, ƙarasa mana," in ji Mumuni. "Ai sun ɗauke shi a kafaɗa."

"Wannan ni na ƙara, don ku yi barci. Ruwa ne ya kece, inji ya mutu, kowa ya kwashi tabarmarsa."

"To kashe shi suka yi?"

"Oho. Shi yaron, da ya danne hannunsa, ya san ƙarshen ne?"

Mumuni ya koma Dapaong, ya tsaya gaban taron, bai ambaci kowa ba. Aka kore shi, aka fara nemansa, ya tsallaka Burkina da rigar jikinsa. Gida ya sha wuya, Baba ya daɗe bai zauna a bakin murhun nan ba.

Ina ƙarama, jarumtar saurayin ce ta cika mini ido, daga baya ta Mumuni. Sai da na haifi nawa na soma jin tsoron tsohuwar nan. Duk cikin jikokinta shi ta fi so, shi take ɓoye wa tsakiyar doya. Tana da ƙarshe mai daɗi a bakinta, ta san kuma abin da gaskiya za ta jawo, amma ta ƙi sallamarsa da ƙarya. Lokacin da hanya ta buɗe Mumuni ya dawo Sokode, makabarta muka raka shi ya gaishe ta.