Baba Mai Keke Ya Ajiye Jaka

Idan aka sallame sallar asuba, Baba Mai Keke ba ya komawa barci. Yakan zauna a bakin ƙofar ɗakinsa da carbi a hannu har gari ya yi haske, sannan ya jawo tsohuwar jakarsa ta fata ya zazzage ta a kan tabarma: sukundireba babba da ƙarama, filaya, 'yar kwalbar man keke, tsohon buroshi na share ƙurar zare, da gwangwanin ƙananan noti. Ya goge kowanne da tsumma ya mayar. Ya sha shayinsa, ya leƙa ɗakin matarsa ya ce, "Uwargida, na fita." Ita kuma ta ce, "Allah ya tsare, Malam. Ka dai dawo da wannan wandon a ɗinke maka, ya yage ta gwiwa."

Wannan maganar wandon ta daɗe tana ba gidan dariya. Mutumin da ya haura shekara arba'in yana gyaran keken ɗinki, bai iya ɗinke ko aljihu ba. Idan aka tsokane shi sai ya ce, "Ni likitan keke ne, ba a ce likita ya iya hawa ba."

Daga gida sai layin teloli. Ba ya jira a kira shi. Yana tafe yana saurare, ya tsaya a ƙofar shago ya ce, "Tsaya, tsaya, kwarkwaron kekenka na kuka." Ya durƙusa, ya ɗiga mai, ya ɗaure abin da ya saki. Da an kira salla kuwa, ko rabin noti ya ɗaura zai ajiye sukundireba. Teloli masu gaggawa sun yi ƙorafi har sun gaji sun koma bin sa masallaci.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ta ɗauka ta gama sanin mahaifinta. Don haka da ya fara 'yan rikice-rikice a bara, ba ta kawo komai a ranta ba. Ya kira ɗansa Auta da sunan ƙaninsa da ya rasu tun tuni, aka yi dariya. Ya idar da salla ya juyo ya tambaya ko ya yi salla, Umma, mahaifiyarta, ta ce tsufa ne, kowa ma zai je. Har ranar da Umma ta buga mata waya.

"Babanku bai dawo ba. An yi azahar, abinci ya huce."

"Kin kira shi?"

"Na kira. Ga wayar nan tana ringi a ƙarƙashin matashinsa."

'Yar ta yafa mayafi ta nufi layin teloli. Shagon farko na wani tela ne da ake ce wa Dogo. Da ya gan ta sai ya cire ƙafa daga feda, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ya zo da safe ya canza mini bel na keke," in ji shi. "Ya tafi. Can sai ga shi ya dawo, wai ya zo canza bel."

"Sai ka ce masa me?"

"Sai na mayar da tsohon, ya sake canzawa."

Ta tsaya tana kallonsa, ta rasa gane ko wasa yake yi. Ya ce ai ba yau aka fara ba, an daɗe a haka.

"Kuka yi shiru? Ba wanda zai zo gida ya faɗa mana?"

"Hajiya, da wane bakin?" Dogo ya dafa kan kekensa. "Kin ga wannan? Lokacin da gobara ta cinye shagona, baƙin ƙarfe kawai aka ciro daga toka. Kowa ya ce in kai wa 'yan gwangwan. Babanki ya ɗauke shi bai ce mini komai ba. Ya jiƙa shi a kananzir, ya bi tsofaffin kekuna yana tsinto kaya ɗaya-ɗaya, har ya tashe shi. Da shi na aurar da 'ya'yana. Shi ne zan kalla in ce masa ya rikice?"

Sai ta tuna wani baƙin kan keke da ya daɗe a ƙarƙashin gadon Baba tana yarinya, Umma kullum tana mitar warin kananzir. Ba ta taɓa tambayar na wane ne ba.

Dogo ya nuna mata rumfar da ke bakin titi, ya ce ta tambayi Ƙaramin Mai Keke, shi ya fi kowa sanin inda Baba yake bi. A gida sun san wannan mutumin a matsayin abokin gasar Baba, wanda ya zo ya kafa rumfar gyara a kan layin da Baba ke ci. Yanzu shi ma furfura ta fito masa. Yana ganin ta ya miƙe, ya ɗauki kayan aikinsa.

"Yau ya ɓace mini," ya ce. "Wani ya tsare ni da magana, kafin in ɗaga kai ya sha kwana."

"Ya ɓace maka? Bin sa kake yi?"

Ya sunkuyar da kai. A hanya ya ba ta labari. Wata da watanni ke nan, duk shagon da Baba ya fita, shi sai ya shiga ya duba. Inda aka bar noti a sake ya ɗaure, inda aka sa allura a juye ya gyara, ya roƙi mai shagon kada ya faɗa.

Ranta ya ɓaci, kuma ta rasa da wa za ta yi fushin. Da wannan mutumin da ya ɓoye musu? Da teloli? Ko da kanta, da take zaune gari ɗaya da mahaifinta amma mutanen layi suka riga ta gani?

"Me ya sa?" ta ce. "Ai ba ɗanmu ba ne kai."

"Lokacin da na kafa rumfa, ban iya komai ba sai ƙarfin hali. Na lalata keken wata mata, ta tara mini jama'a. Babanki ya ratso ya ce shi ya aiko ni, laifinsa ne. Ya gyara, sannan ya zaunar da ni ya nuna mini inda na kuskure. Na ce, Baba, ni fa kasuwarka na zo ci. Ya ce, wanda ya raba arziki bai manta da kowa ba, riƙe nan in nuna maka."

Sun leƙa masallaci ba ya nan. Sun leƙa wurin mai shayi ba ya nan. Daga ƙarshe suka same shi a gidan wata dattijuwa mai ɗinkin zannuwan gado, wadda kowa ke kira Gwaggo. Yana zaune a tsakar gida a kan tabarma. Ya kwance kekenta gaba ɗaya, ya jera kayan a kan farin ƙyalle reras, kamar yadda ya saba. Ya zuba musu ido. Gwaggo na gefe ta rafka tagumi, ga zannuwan mutane jibge suna jiran ɗinki.

Ya ɗago ya ga 'yarsa, fuskarsa ta washe.

"Uwata, zo ki gani. Wane marar tausayi ne ya yi wa baiwar Allahn nan wannan ɓarna? Da wannan keken take ci da marayu."

Gwaggo ta ƙifta mata ido, alamar ta yi shiru. Ƙaramin Mai Keke ya juya baya. 'Yar kuwa ta shiga tsaka-mai-wuya. Ta ce wani ne, ta yi wa mahaifinta ƙarya? Ta ce shi ne, ta karya masa zuciya a gaban mutane? Kafin ta zaɓa, Baba ya dubi hannuwansa. Sun yi baƙi da mai. Sukundireba na kan cinyarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Ni ne?" ya ce a hankali.

Ya ɗauki kwarkwaro ya juya shi, ya kai shi nan, ya kai shi can, ya rasa gurbinsa. Abin da a da yake sawa ido rufe. Ya ajiye.

Ana cikin haka aka kira la'asar. Ya miƙe tsaye cak, ya nemi buta. 'Yarsa ta tsaya tana kallon yadda yake alwala, gaɓa bayan gaɓa, bai tsallake ko ɗaya ba, sai a nan hawayen da take riƙewa suka zubo. Da ya dawo daga masallaci ya tarar Ƙaramin Mai Keke ya kusa gama haɗa keken. Ya tsaya a kansa yana kallo, sannan ya ɗauki jakar ya miƙa masa.

"Riƙe. Kayan mutane amana ne. Wanda zai kwance bai san ya kwance ba, bai kamata ya taɓa ba."

Haka Baba Mai Keke ya yi ritaya, a tsakar gidan Gwaggo, ba taro ba jawabi.

Sai dai washegari da gari ya yi haske ya shiga neman jaka. Ya ɗaga katifa, ya leƙa bayan ƙofa, ya tambayi Umma wa ya shiga ɗakinsa. Aka yi masa bayani, ya ce haka ne, ya tuna. Kashegari ya sake nema. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Tun daga nan gidan yake cikin wani hali da ba su san sunansa ba. Baba yana nan, yana ci yana sha yana ba'a, amma wani lokacin sai ya dubi Umma da ladabi ya tambaye ta ko ta ga matarsa. Ita kuma ta ce, "Ta je ɗebo maka ruwa, Malam," ta fita, ta share ido, ta dawo da ruwan.

Abin da ya fi damunsa salla ce. Ya sa aka kai shi wurin liman, ya ce, "Malam, ina tsoron in mutu da sallar da ban yi ba, ina zaton na yi." Liman ya ce Allah ba ya kama bawa da abin da Ya ɗauke masa. Baba ya gyaɗa kai, amma bai daina ba. Wata rana azahar biyu yake yi. Auta ya taɓa cewa zai hana shi, Umma ta ce, "Ƙyale shi. Ka taɓa jin an hukunta mutum don ya yi ƙari?"

Baba Mai Keke, kai ne ka ƙi aikin babbar masaƙa a wani gari mai nisa, lokacin da kowa ke cewa ka haukace, saboda jikin mahaifiyarka ya shanye kuma ba ta yarda kowa ya ɗaga ta sai kai. Kai ne ka yi shekaru kana goya ta ka kai ta shan hantsi kafin ka fita aiki. Kai ne ka sa 'ya'yanka mata a makaranta, ka riƙa raka su har bakin ƙofa da jakarka a kafaɗa. Ba a taɓa jin muryarka ta tsallaka katanga ba. Gwanin kunne, mai tashin mataccen ƙarfe, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi, ya ba Umma ladan haƙurinta.

Ku kuma masu karatu, akwai irinsa a layinku. Wataƙila shi ke gyara muku famfo, ko ya ɗinke muku takalmi. Ku koyi riƙon amanarsa, ku koyar da wanda ya zo koyo ko da kasuwarku zai ci. Kuma ku gode masa yau, tun godiyar tana da inda za ta zauna.

'Yar Baba Mai Keke ta makara kaɗan, amma ta gwada. Wata safiya ta zauna kusa da shi ta kwashe duk abin da ta ji a layi da wanda ta sani a gida ta ba shi labari, ba ta ambaci suna ba: gobarar Dogo, laifin da aka ɗauke wa baƙo, uwar da aka goya. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai, har idonsa ya kawo ruwa.

"Kai, wannan mutumin kirki ne," ya ce. "Yana raye?"

"Yana raye, Baba."

"Ɗan wane gida ne?"

"Baba, kai ne fa."

Ya dube ta, ya yi 'yar dariya. "Uwata ke nan, ba kya rabo da tsokana." Ya jawo carbinsa. "In kin gan shi ki ce ina gaishe shi. Ki ce ya dage, kada ya gaji. Zan sa shi a addu'a."

Ta ce to. Ya ɗaga hannu ya fara, ita kuma tana cewa amin.