Bunsurun da Baba Ya Yanka da Hannunsa

Tun ina ƙarama a unguwar Abakpa ban taɓa ganin mahaifina ya yanka ko kaza ba. Mu Kirista ne, Baba ma dattijo ne a cocinmu, amma duk jajibirin Kirsimeti Malam ne ke yanka mana bunsuru. Malam maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu, yana koyar da Alƙur'ani a zaurensa. In ba Musulmi ne ya yanka ba maƙwabta ba za su ci ba, mu kuwa rabin shinkafar Kirsimetinmu gidajensu take tafiya. In Babbar Sallah ta zo, cinyar ragon Malam tamu ce. Haka muka tashi muka tarar.

Shekarar da aka yi rikicin addini a gari na ɗan haura ashirin. Ƙanen Baba ya taso daga Babbar Kasuwa zai dawo gida, sai gawarsa aka kawo mana. Malam ya zo gaisuwa, ya zauna da Baba a tabarma ɗaya har aka watse. Kowa ya san ba ruwansa, ranar ma shi ya tsaya a bakin layinmu yana korar matasa da sandarsa. Duk da haka, daga nan gaisuwarsu ta koma ɗaga hannu daga nesa.

Lahadin da ta gabaci Kirsimeti Baba ne ya yi wa'azi, a kan ƙaunar maƙwabci da yafe wa wanda ya cuce ka. Baba ya iya magana, mata har da share hawaye da bakin mayafi. Ni ma raina ya yi sanyi, na ce an wuce wurin.

Ranar jajibiri da hantsi na tarar da shi tsugune a bakin rijiya, yana wasa wuƙar da Mama ke yanka albasa. Na leƙa waje, ga Malam zaune a dakalinsa ya naɗe hannun riga, wuƙarsa cikin kube a gefensa, yana jiran a aiko kamar kowace shekara.

Na ce, "Baba, in kira Malam?"

"Bar shi."

"Yana waje fa, tun ɗazu yake jira."

"Ni ba ni da hannu ne?"

Ni dama bakina ba linzami. Mama tana ta yi mini ido daga madafi, na yi kamar ban gani ba.

"To Baba, wa'azin ranar Lahadi na su wane ne? Na mutanen wani layin?"

Ya miƙe da wuƙar a hannu. Na tsorata, don ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Na zata mari ne zai biyo baya, amma da ya yi magana da ƙyar na ji muryarsa.

"Na san abin da Littafi ya ce, ni na karanta muku. Ɗan'uwana yanka shi aka yi. Ba zan iya tsayawa ina kallon ɗayansu da wuƙa a tsakar gidana ba. Ba zan iya ba ne kawai."

Ya ce in riƙe ƙafafun bunsurun, na ƙi. Mama ce ta riƙe. Wanda bai taɓa yanka ba, ga kuma wuƙar albasa. Dabbar nan ta daɗe tana kuka, kukan da na tabbata ya tsallake katanga. Na ruga ƙofa. Malam ya riga ya miƙe, ya sauke hannun rigarsa, ya ɗauki kubensa. Ya dube ni ya ce, "Allah ya sa a yi biki lafiya, 'yata," ya shige gida. Kunya ta kama ni, ga haushin Baba, ga tausayinsa.

Washegari Mama ta auna shinkafa yadda hannunta ya saba, babbar tukunya fal. Wata 'yar cocinmu ta ce a zuba a kai wa maƙwabta kawai, wa zai sani? Mama ta ce ba za ta ciyar da mutane abin da addininsu ya hana su ba. Kwanukan rabo suka wuni a kife, rabin shinkafar kuma ta lalace.

Da Babbar Sallah ta zo, sai ga matar Malam da cinya a faranti. Ta ce, "Malam na gaida Dattijo."

Baba ya daɗe yana kallon naman. Da ta fita ya ce wa Mama, "Bana da ƙafata zan je in kira shi."

Na yarda da gaske yake. Amma kafin Kirsimeti ta zagayo mun bi sauran 'yan cocinmu mun tashi, mun ƙetare kogin da ya raba garin biyu. A sabuwar unguwar kowa Kirista ne. Baba ya koyi yanka har ya ƙware, kuma babu gidan da ke jiran shinkafarmu.