Malam Ƙasimu, Birkilan da Ya Ƙi Shafe Jiƙaƙƙen Bango

A da, duk safiyar da aka kwana ana ruwa, da an idar da sallar asuba za ka ga Malam Ƙasimu birkila yana bin lungunan Gyadi-Gyadi, wando a naɗe zuwa gwiwa. Ba ya kallon fenti. Gindin katanga yake dafawa da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da cokalin gininsa, ya kasa kunne. Masu shayi kan yi masa tsiya: "Likitan bango, yau wa za a kwantar?" Sai ya ce, "Rumfarka, in ba ka kwashe sharar da ka cusa a kwata ba."

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma abin da idona ya gani ba sai an karanta min ba.

Shekarar da kwata ta toshe, ruwa ya shigo gidan da muke haya har ya ɗaga tabarma. Da ya janye, mai gidan, Alhaji Ɗanladi, ya kira Malam Ƙasimu ya yi filasta da fenti, don yana son zuba sababbin 'yan haya. Ina tsakar gida na ji su.

"Alhaji, bangon nan ya sha ruwa har ciki. In na rufe shi da siminti, danshin ba shi da hanyar fita. Ruɓewa zai yi."

"Aiki na kira ka, ko wa'azi?"

"To, a nemi wani. Hannuna ba zai shafe shi ba."

Aka nemi wasu daga Unguwa Uku. Yini guda suka gama, bango ya yi fes kamar ɗakin amarya. Maƙwabta har barka suke yi mana.

Ba a jima ba, 'yata Saudatu tana wanke-wanke a gindin bangon da hantsi ya rufto mata. Ta bar min jaririyarta, Hanan. Na san kwana ne ya ƙare, na kuma yarda da ƙaddara. Amma kada wanda ya sake ce min ruwa ne ya kashe ta. Ruwa ya zo ya wuce. Mutane ne suka kulle shi a bango suka shafa masa fenti!

Ana zaman makoki, masu gaisuwa na ta shiga da fita, Malam Ƙasimu ya zo da katako ya tokare ɗakin da ya rage mana, inda nake kwana da jaririyar. Babu wanda ya aike shi. Ya farfashe filastar nan duka, ya bar bangon tsirara yana shan rana. Alhaji ya aiko a ce ya mayar da gida kango. Malam Ƙasimu ya ce, "A gaya masa ya zo ya kwana a ciki, sai in shafe yau." Alhaji bai zo ba. Sai da bangon ya bushe ƙayau Malam ya sauya bulon ƙasa, ya ɗaga dakali, ya fitar wa ruwa hanya.

Yanzu ciwon baya ya hana shi hawa tsani, ya ajiye cokali. Ba taro, ba wanda ya tashi ya ce an gode. Waɗanda suka yi fentin nan kuwa suna nan suna karɓar aiki a Tarauni.

Malam, kai ne ka ƙi, ranar da kowa ya ce to. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya.

Ku kuma birkiloli, in an matsa muku ku rufe jiƙaƙƙen bango, ku ɗauki cokalinku ku fita kamar yadda ya yi. Bana ma ruwa ya shigo mana. Na dafa bangon kamar yadda yake yi, sannan na kwantar da Hanan a gindinsa.