Kwamfutar da ke sauraron taurari a ɗakinmu

Ina cikin jegon 'yata ta fari maigidana ya shigo da tsohuwar kwamfuta ɗakinmu na haya a unguwar Gada Biyu. Gyaran rediyo yake yi a kasuwar Terminus, kuma tun yana yaro yake son maganar taurari. Ya ce wasu masana a ƙasar waje suna ɗaukar ƙarar sararin sama suna rarraba wa masu kwamfuta a gidaje, kowa ya taya su dubawa kyauta, ko akwai wata halitta can da ke magana.

Aikina shi ne in kunna ta duk sanda aka kawo wuta. Ni kuwa aji huɗu na tsaya a firamare, amma na san su waye ke satar sauraron sama, na kuma san ana jifansu da wuta. Ga jaririya ko arba'in ba ta yi ba. Idan abin ya amsa fa? Ɗakin wa zai nufo?

Na ce, "Malam, kana kiran abin da ba ka san shi ba, ga ɗanyen goyo a ɗaki."

Ya yi dariya. "Uwar 'yan tsoro! In sun zo ke za ki dafa musu shayi."

Ban yi dariya ba. Kullum ya fita sai in kunna masa kayansa, in ɗauki 'yata mu koma tsakar gida, cikin sanyin damina. Har ta fara tari.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Kirista mai sayar da acca a Farin Gada, ta same ni a waje. Ta ce, "Kai, 'yata, yarinya zai mutu da sanyi! Mene ne a ɗakin, zaki?"

Na gaya mata. Ta leƙa, ta daɗe tana kallon wasu layuka masu launi a fuskar kwamfutar suna hawa suna sauka. Ta tambaye ni ta ina ƙarar take shigowa. Wannan na sani, don ina lura: a ɗan faifai maigidana yake kawo ta daga shagon intanet, in kwamfutar ta gama dubawa ya sa faifan a aljihunsa ya mayar. Waya ɗaya ce ke shiga bango, ta wuta.

Ina faɗa da bakina sai na ji abin ya zauna mini. Ashe aikatau ne. An auno mata nata mudun, tana regewa kamar yadda ake rege acca a fitar da yashi, ta gama a mayar wa masu shi. Mai rege acca ba ta kiran kowa.

Dattijuwar ta ce, "To, ma'aikaci ne kamar mu. Shiga da yarinya."

Na shiga. Na yi addu'a na tofa wa 'yata, na tofa wa kwamfutar ma don kada a bar ta a baya. Sannan na ja katifa kusa da tebur, inda iska mai ɗumi ke fitowa daga bayanta. A nan 'yata ta yi barcin rana, tarin kuma bai kai mako ba ya tafi.