Na-Sama da Direban Hamada

Kowa a layin Na-Sama yake ce masa, domin a ɗan ɗakin da ke saman gidan silima yake aiki, inda na'urar haska fim take. Ɗakin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ba shi da taga, sai wata 'yar kafa da haske ke bi ya faɗa kan allo, da wata kusa da ita wadda yake leƙawa. Zafin fitilar na'urar ya sa ko da sanyi da singileti yake zama.

Gidan na yayansa ne. Tun yana saurayi, ya gama koyon tuƙi har an yi masa alkawarin babbar mota mai dogon zango, Yaya ya ce ya riƙe masa na'urar kafin a sami wani. Har furfura ta rufe su duka biyu ba a sami wanin ba.

Yaya bai taɓa ɗaukar mai tsaron ƙofa ba. Saboda haka da zarar kiɗan ƙarshen fim ya taso, sai Na-Sama ya bar na'ura tana juyawa, ya bi matakalar baya, ya zagaya waje ya zare sakatar babbar ƙofa, ya tokare ta da bayansa har jama'a su gama fita. Kafin ya koma sama, sunaye ne ke hawa allo. Ya san farkon kowane fim da tsakiyarsa, amma bai taɓa ganin ƙarshen ko ɗaya ba, kuma abin bai taɓa damunsa ba.

Sai da aka kawo fim ɗin direban. An rubuta a farkonsa cewa labarin gaskiya ne: wani direba motarsa ta mutu a tsakiyar hamada, ya saɓi jarkar ruwa ya kama tafiya shi kaɗai. Na-Sama yakan manna ido a kafarsa yana kallon mutumin nan yana tafe, leɓe ya tsage, ba inuwa, ba iyaka. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ba tausayin direban yake ji ba. Sha'awa yake ba shi. Daidai lokacin da direban ya fara rarrafawa kan tudun rairayi na ƙarshe, sarewa takan taso, shi kuma ya sauka.

Ya hana kowa ya gaya masa ƙarshen. Mai sayar da tikiti ya sami abin tsokana, kullum sai ya ce yau kam zai faɗa, Na-Sama ya toshe kunnuwa kamar yaro. A gida ma matarsa ta gaji da labarin.

"Baban yara, in bai tsira ba, wa ya ba su labarin?" in ji ta.

Ya ce wataƙila sawunsa aka bi, aka tarar da jarkar. Ta ce to Allah ya jiƙan jarka, ya matso ya ci abinci.

Ranar da za a mayar da fim ɗin wurin masu shi, ba wanda ya zo kallon la'asar. Yaya ya ce a kashe fitila. Na-Sama, wanda bai taɓa roƙonsa komai ba, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ka bar ni in haska shi. Ƙarshen nake so in gani."

Yaya ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa, sannan ya ɗaga kafaɗa ya fita.

Ya ɗora faifan, ya jawo kujera gaban kafar. Ƙasa ba kowa, sai layukan kujeru. Motar ta mutu, ruwa ya ƙare, direban ya iso gindin tudu. Sarewa ta taso.

Bai san lokacin da ya tashi ba. Ya dai farga yana tsaye a waje, sakata a hannunsa, ƙofa a wangale, ya tokare ta da baya yana jiran masu fita. Da sauri ya leƙa ciki, amma hasken rana ya riga ya kwarara cikin zauren ya wanke allon fes, ba a ganin komai sai fari. Kafin ya ja ƙofar ta rufu, sunaye sun fara hawa.

A titi wata babbar mota ta wuce, ta shanye kwana. Ya bi ta da kallo har ƙararta ta ɓace. Mai sayar da tikiti ya leƙo, ya ga fuskarsa, ya haɗiye tsokanar da ya zo da ita.

"In gaya maka?" ya tambaya a hankali.

Na-Sama ya girgiza kai. Daga sama yana jin jelar faifan tana ta bugun na'ura. Ya mayar da sakata, ya kama matakala.