Bokitan Rabon Suna

Ya'u mutumin wani ƙauye ne a gefen Kiyawa, amma ya daɗe a Kano har harshensa ya fara juyawa. Ya yi dako a Dakata yana saurayi, ya taɓa gadi, kafin Allah ya haɗa shi da wani kamfanin robobi a Sharada, inda yake wuni a tsaye bakin injin da ke zubo bokitai da bahuna. Albashinsa ba abin ɓoyewa ba ne, sai dai kafin wata ya raba, haya da ruwa da gas da makarantar 'yarsa Sumayya sun yi masa kaca-kaca.

Duk da haka, wanda ya shiga gidansa zai rantse ma'aikacin banki ne. Ciki da falo ne kawai, amma ga kujerun roba a jere, ga durowa mai hawa-hawa, ga bahuna manya da ƙanana, komai fes. Gero da wake ƙaninsa ke aiko masa daga gida a motar kasuwa. A ƙafa yake zuwa aiki, kuɗin adaidaita su zama na nama ranar Juma'a. Dangin matarsa Badi'a, 'yan asalin tsohuwar Sharada, sukan ce ta yi dace, mijinta ya iya zaman birni. In wannan magana ta dawo kunnensa, har wani ɗaga kafaɗa yake yi.

Akwai abin da dangin ba su sani ba. A kamfanin, kayan da inji ya fitar da tabo, launi ya cakuɗe ko baki ya ɗan karkace, rijak ake ce musu. Yawanci niƙe su ake yi a sake narkarwa, amma an yarda ma'aikaci ya sayi kaɗan a kan awon kilo. Sharaɗin ɗaya ne: Malam Isyaku mai sito zai gasa ƙusa a wuta ya huda kowanne a gefe, can kusa da gindi, don kada a kai shi kasuwa. Ya'u ya ƙware wajen toshe wannan huda. Sai ya narka guntun roba da wuƙa mai zafi, ya shafe ciki da waje, ya bi ya goge har sai an ƙura ido za a gani. Aiki ne mai cin lokaci, bokiti ɗaya kan cinye masa hantsi guda. Duk kayan gidansa haka suka shigo. Badi'a kuwa ta san da haka.

Da ta haifi namiji, kwana biyu da haihuwa ta kira shi ɗaki. A nan garin in mata sun zo suna, ba a barin su su tafi hannu sake, sai an ba kowace ɗan abin rabo. Yayarta Bilkisu kuloli ta raba a nata sunan, har yanzu ana zancen.

"Ni ban ce sai kula ba," in ji Badi'a. "Ɗan bokiti mai murfi ma ya isa. Amma Baban Sumayya, sababbi. Na cikin gida daban, na mutane daban."

"Haba, ni da nake kwana a bakin injinsu?"

"Shi ya sa na faɗa."

"Sababbi za ki gani, in sha Allahu."

Da gaske yake a lokacin. Sai da ya je kasuwa ya kama rago, ya auno shinkafa, ya sayi itacen wankan jego, sannan ya shiga sito ya tambayi farashin sababbi. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Malam Isyaku ya nuna masa tulin rijak da haɓa. Wasu shuɗaye ne masu kyau, ɗan farin zane kawai ya ratsa su. Ya'u ya kau da kai yayin da ƙusa ke shiga cikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Bai kai su gida ba, ɗakin abokin aikinsa Ashafa ya kai. Ranar Lahadi da rana suka zauna a kansu, ga shi washegari ranar suna.

"Kai da wuƙarka, sai yaron ya yi kaciya ba ka gama ba," in ji Ashafa. Ya jawo wani ɗan ƙarfe mai kama da bindigar wasa, irin wanda ake narka gam da shi. "Ɗis ɗaya, an wuce wurin."

"Zai riƙe?"

"Takalmina da shi yake yawo. Kai dai ka cika tsoron mata."

"Ba ka yi aure ba ne."

"Da irin wannan wahalar? Na gode."

Suka ɗiga wa ɗaya, suka cika shi da ruwan randa, suka zuba ido. Ko gumi bai yi ba. Ya'u ya riga ya bugo sitika mai furanni, an rubuta "Badi'a ta gode". Ya liƙa kowace daidai kan huda. Da ya jera su a ƙasa, shi kansa sai da suka burge shi.

Badi'a ta ɗaga ɗaya ta juya, ta dube shi. "Sitikar ta yi ƙasa da yawa."

"Haka ake yayi yanzu," ya ce, ya fita da sauri kamar ana kiransa.

Da safe aka raɗa wa yaro suna Umar, aka yanka rago, maza suka ci waina suka watse. Bayan azahar gida ya zama na mata. Shi a tunaninsa za a jefa ƙullin omo a kowane bokiti a miƙa. Bai yi lissafi da Goggo Safiya ba, ƙanwar mahaifin Badi'a, wadda ta zo zaman jego. Ta dama kunun gyaɗa a babbar tukunya, aka sha aka bar fiye da rabi. Goggo ba ta iya ganin abinci ya lalace. Ta ce a maida shi wuta ya tafasa, a zuba wa kowa a bokitinta ta kai wa yara.

Bayan la'asar Ya'u na zaune a kan tabarma a ƙofar gida tare da Ashafa, mata suka fara fitowa. Ya ga tururi na tashi daga gefen wani murfi. Kafin ya miƙe, wata ta ɗaga nata sama tana leƙen gindinsa. Wani farin zare na kunu ya biyo ta tun daga zaure.

"Ke, naki ma yoyo yake?"

"Nawa fitsari yake yi."

Zafi ya narka gam ɗin. Sitikun suka jiƙe suka saki, hudar ta fito fili, baƙa, da ƙunar ƙusa a bakinta. Ba a rasa matan ma'aikatan kamfani a cikinsu ba, su kuwa kallo ɗaya suka yi mata.

"Rijak ne," wata ta ce, ba ta ko rage murya ba. "Irin na kilo."

"To ai an rubuta ta gode. Mu ma mun gode."

Hajiya Amina, uwar mijin Bilkisu, wadda aka shimfiɗa wa darduma ita kaɗai a ɗaki, ta riga ta shiga adaidaita da nata a cinya. Sai ga ta ta sauko a hankali, ta riƙe farin leshinta nesa da jiki, kunu ya zana mata hanya har ƙafa. Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi buta ta zuba wa cinyarta ruwan sanyi, ta koma ta zauna. Ya'u ya duba gefensa, Ashafa ya tafi alwala tun ɗazu, bai dawo ba.

Washegari da hantsi ya shiga ɗaki. Badi'a na shayar da jariri, idonta a kumbure.

"Ki yi haƙuri."

Ta gyara wa yaron kai.

"Ragon ne ya..."

"Da ka ce min babu, da na raba omon kawai, a yi gulmar kwana biyu a manta." Muryarta ba ta tashi ba. "Sunana ne a jiki, Baban Sumayya. Ba naka ba. Kai gobe aiki za ka tafi. Ni ce zan shiga cikinsu."

Goggo Safiya ta ɗago labule. "Malam Ya'u, ka je ka duba Hajiya. An ce wurin ya tashi."

Ya sa babbar rigarsa ta jiya, ya saya mata maganin ƙuna a kemis, ya taka har tsohuwar Sharada. Aka yi masa iso zuwa zaure. Ya durƙusa, ya cire hula ya mayar, bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Hajiya Amina ta zauna daga bakin ƙofa ta ciki.

"Hajiya, na zo ne in ba ku haƙuri. Laifina ne, ita ba ta sani ba."

"Na san ba ta sani ba. Fuskarta na kalla."

"Yaya ƙafar taku?"

"Ƙafa da sauƙi. Leshin ne dai ya sha kunu ya ƙoshi." Ta ɗan yi dariya, shi bai iya ba. "Ɗan nan, waye a garin nan albashi ke isarsa? Shi mijin Bilkisun, ka san babur ɗinsa ya tafi a kan kulolin nan? Ba wanda zai kama ka don ba ka da shi. Amma ka bar yarinya tana ta miƙa wa mutane da hannu biyu, tana murmushi."

Ya sunkuyar da kai. Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙin ɗauka.

Ta sa aka fito da bokitin, an wanke shi, an cika shi da gero. "Ka kai wa mai jego, a yi mata kunu. Ruwa ne ba ya riƙewa, na ga tsaba zai iya."

Bokitin bai iya ba. Yana fita gero ya fara tsiyaya, ya danne hudar da babban yatsa, ya rungume bokitin a ƙirji. Hanyar gida ta bakin kamfanoni take, ga shi lokacin canjin aiki, ma'aikata sun cika titi. Shuɗin bokiti mai farin zane, da rabin sitika a jiki, babu wanda bai gane shi ba.

"Angon ƙarni," in ji wani, "an ce jiya an yi ambaliya a layinku."

Ya yi yaƙe ya wuce, bai iya ɗaga hannu ya amsa gaisuwa ba.

A gida ya tsaya a tsakar gida da abin a ƙirji. Badi'a ta fito ta dube shi, ta dubi yatsan. Ta ɗauko kwarya ta tara a ƙasa.

"Saki," ta ce.

Ya saki. Suka tsaya suna kallon geron yana zuba. Sannan ta kai hannu ta ɓare ragowar sitikar, ta dunƙule ta a tafinta, ta koma ɗaki wurin yaron.